Jan Fenti a Ƙofar Malama

Ranar da aka kafe allon a bakin get, Malama ce ta ƙarshe da ta sani, alhali sunanta ne a sama. Ta dawo daga makaranta da la'asar, jakarta ta yi nauyi da littattafan yara da za ta duba, ta tarar da mata uku sun yi cirko-cirko suna bin rubutu da yatsa. Suna hango ta suka watse kamar kajin da aka jefa wa dutse.

Allo ne sabo fil, da gilashinsa da ɗan kwaɗonsa, wanda kuɗin da aka kashe masa ya isa a sha wutar janareto na kwanaki. A samansa an rubuta da jan alƙalami, manya-manya: MASU CIN GUMIN JAMA'A. Sunanta ne na farko, da lambar ƙofarta, da watannin da ake bin ta. Don sabo da aiki, abin da ya fara zuwa mata shi ne layin ya karkace, mai rubutun bai sa rula ba. Sai daga baya ta sake karanta sunan.

Benen hawa biyar ne, gidaje jere a kowane hawa, kowa da ƙofarsa da makullinsa. Amma rijiyar burtsatse ɗaya ce, janareto ɗaya, maigadi ɗaya, mai kwashe shara ɗaya. Don haka kowane gida yana zuba kuɗin hidima duk wata a hannun kwamitin mazauna. Gidan Malama, can hawa na huɗu, rabonsa da biya tun bara. Ita sai yau ta ji.

Ta tarar da mijinta a falo ya miƙe ƙafa, waya ɗaya a kunne, ɗaya a cinya. Kwangila ake ce masa a benen, don ba a taɓa gaisawa da shi bai ambaci wata kwangila da ake gab da biyan sa ba. Mutum ne mai tsabta da ƙamshi da faɗin dariya, irin wanda ko bashi ya zo ci sai ka ji kamar alfarma yake yi maka. Da za su kama gidan, dillali ya ce ba ya ba wanda ba shi da albashi, shi ya sa Malama ta sa hannu a takarda. Haya daga albashinta ake cira. Cefane nata, kuɗin makarantar 'yarsu Nana nata. Kuɗin hidima kaɗai ya ɗauka, shi ma da bakinsa ya ce, "Wannan ki bar mini, aikin maza ne."

"Baban Nana, ka ga abin da aka kafe a get?"

Ya ɗaga mata hannu ta jira. Sai da ya gama wayarsa, ya yi dariyar ban kwana mai tsawo, sannan ya ce, "Allon? Na gani mana. Har na ce wa Ciyaman gilashin ya yi kyau."

"Sunana ne a kai."

"To ai allo ne, ba kabari ba. Ana rubutawa ana gogewa. Ke da kike aikin allo kullum, ni zan gaya miki?"

"Ka ce kana biya."

"Na ce zan biya. Ki riƙa sauraron magana da kyau. Fayil ɗina yana kan teburin darakta, sa hannu ɗaya ya rage. Da kuɗin sun faɗo, wallahi na shekara zan watsa musu a fuska."

Wannan sa hannun guda ɗaya, tun Nana tana rarrafe ake jiran sa. Ga ta yanzu tana karanta jarida.

Washegari Malama ta sauka hawa na ɗaya wajen Ciyaman, shugaban kwamitin. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya bai taɓa shugabantar ko layin karɓar albashi ba, sai da Allah ya kawo shi benen nan. Ya sa an sassaƙa masa hatimi, ya ajiye tebur a barandarsa yana kiran wurin ofis. Bai ce ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. A cire sunan, a ba mu lokaci. Ni malamar makaranta ce, iyayen yara suna wucewa ta get ɗin nan."

"Ai shi ya sa aka sa shi a get, Malama. Da a bayan gida muka kafe, wa zai gani?" Ya yi wa kansa dariya, ya dubi ko za ta taya shi. "Kin san yadda man janareto ya tashi? Kin san maigadi yana da iyali? Waɗanda suka biya, wawaye ne su? Mun bi mutane da lalama har mun gaji. Ɗan Adam ba ya jin roƙo, kunya yake ji."

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma da rabin gaskiya ake yanka mutum ya rasa bakin kuka. Malama ta ce, "Ni ba wanda ya taɓa tuna mini."

"Maigidanki muke tuna wa. Mutumin kirki, kullum sai ya tsaya mun gaisa. Amma mu takarda muka sani. Sunan da ke takarda shi ke allo."

"Jiya na ga sunan lauyan hawa na biyu a ƙasan nawa. Yau babu."

Ciyaman ya gyara zaman hatiminsa a kan tebur. "Wannan ana tattaunawa."

Lauya bai biya ko sisi ba. Leƙowa kawai ya yi ya ambaci kotu, aka nemo makullin kwaɗo da gudu. Katanga dai inda ta gajarta ake haurawa.

Da allon ya kwana biyu, ido ya saba da shi, kwamiti ya ga kunyar ta fara hucewa, sai a ƙara mata wuta. Akwai gurup na mazauna a waya, inda ake sanar da ɗauke ruwa da cigiyar takalmin yara. Kwangila ba ya ciki. Tun farko lambar Malama ya bayar, ya ce shi ba shi da lokacin surutun mata. Sakatariyar kwamiti, wata Hajiya mai shagon kayan kwalliya, ta ciro hoton da Malama ta sa a wayarta, wanda aka ɗauke ta ranar ba da kyaututtuka a makaranta tana murmushi. Ta watsa shi a gurup, ta rubuta a ƙasa: "Mai koya wa yaranmu tarbiyya. Allah ya shirya."

Masu amin suka yi layi. Wata ta ce ai an ga sabon mayafi a jikinta. Wani ya ce masu albashi sun fi kowa taurin bashi. Matar da Malama ta taɓa yi wa jinya a asibiti lokacin haihuwarta kuwa, hoton dariya kawai ta jera.

Suka yi kiciɓis da Sakatariya a matattakala. Malama ta ce, "Hajiya, me na yi miki?"

"Ni? Wallahi ba komai, ƙanwata. Aikin kwamiti ne, ba ni ba ce." Ta dafa mata kafaɗa, awarwaronta suna ƙara. "Ke ma da kin biya, ai da yanzu muna tare ana yi wa wasu."

Hoto ba ya zama inda aka ajiye shi. Kafin mako ya zagayo ya isa makaranta. Shugabar makarantar ta kira Malama ofis, ta rufe ƙofa, ta yi ta juya biro a hannu. Shekaru ke nan Malama ce ke riƙe asusun taimakon malamai, wanda ake cira a ba mai haihuwa ko mai rashi, ba a taɓa neman ko ƙwandala an rasa ba.

"Ba wai ban yarda da ke ba ne. Amma kin san bakin mutane. Ki miƙa wa malamin lissafi ya riƙe, har abin ya lafa."

Malama ta miƙa. Malamin lissafi ya ƙirga a gabanta, ya sake ƙirgawa, yana tofa yawu a yatsa.

A gida kuma akwai yaran benen da take yi wa darasi da yamma a falonta, abin da ke rufa mata asiri in wata ya yi nisa. Iyaye suka janye su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yaro yana gajiya, waccan ta ce matattakalar ta yi wa 'yarta tsawo. Da yawansu ba su biya kuɗin watan da ya wuce ba, ba kuwa allon da aka rubuta su. Wato an toshe mata hanyar samun kuɗin, sannan ana tambayar ta ina kuɗin.

Wata Asabar da hantsi ta ji motsi a bakin ƙofa. Ta buɗe ta ga mai fenti a tsugune da gwangwaninsa, Ciyaman tsaye a bayansa ya goya hannu kamar mai duba aikin gada. Sun riga sun gama. Jan fenti ne, daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan: BA SU BIYA BA. Fentin yana zuba ƙasa layi-layi.

Nana ta leƙo ta ƙarƙashin hannun uwarta, ta karanta a bayyane, a hankali, yadda aka koya mata. Mai fenti ya sunkuyar da kai ya shiga rufe gwangwani. Ciyaman ya ce, "Ma sha Allah, yarinya ta iya karatu," ya juya ya sauka.

Kafin yamma yaran benen sun mai da shi waƙa. Da Nana ta sauko farfajiya sai su kewaye ta da tafi, "Ba su biya ba, ba su biya ba!" Iyayensu suna baranda suna jin su, wata har tana gyaɗa kai tana bin kiɗan. Nana ta daina sauka. Kowace safiya sai ta ce cikinta yana ciwo. Rannan tana cin abinci ta ajiye cokali ta ce, "Umma, mu ɓarayi ne?"

"Wa ya ce miki?"

"Ba wanda ya ce. Tambaya nake."

Malama ta ɗauko kananzir da tsumma ta durƙusa a bakin ƙofa tana dirza. Ƙofar da ke kallon tasu ta buɗe, matar Injiniya ta fito, wadda a da ba a yini ba ta aiko aron gishiri ko dutsen guga ba.

"Malama, ki bar gogewa, an ce duk wanda ya goge za a ci shi tara. Ni ma abin nan ya dame ni wallahi. Baƙina suna zuwa, sai sun fara cin karo da wannan ƙazantar." Ta matso ta rage murya. "Amma ke ma, tsakani da Allah, mutum yana ba ki kuɗi duk wata, ina kike kai su?"

"Wane mutum?"

"Maigidanki mana. A gaban Injiniya ya faɗa, wajen wankin mota. Ya ce duk wata sai ya ƙirga ya ba ki, ke kuma ki tura wa danginki. Har ƙwalla ya yi, maza suka yi ta ba shi haƙuri."

Malama ta dubi tsumman da ke hannunta, ya yi ja jawur. Ta ajiye shi. Ta miƙe ta shiga ciki.

Kwangila yana zaune a bakin gado yana goge takalmi, zai fita.

"Ka ce wa mutane kana ba ni kuɗin?"

Bai ko ɗago ba. "Tsare ni suka yi da tambaya. Me kike so in ce? In ce ba ni da shi?"

"Ka faɗi gaskiya."

"Gaskiya!" Ya hura takalmin ya duba ƙyallinsa. "Ke kin san abin da ake kira suna a harkarmu? Yau in aka ji Kwangila ya kasa biyan kuɗin shara, wa zai ba ni babban aiki? Ni sunana ne jarina. Ke fa? Ko an rubuta ki ko ba a rubuta ki ba, ƙarshen wata albashinki zai shigo. Ke mace ce, kwana biyu an manta. Ashe ba za ki iya ɗaukar wa mijinki ɗan wannan ba?"

"Nana ba ta iya sauka ƙasa."

"Gara ma. Yaran benen nan ba su da tarbiyya."

Ya fesa turare a hammata da bayan kunne. Da ya zo fita sai ya karkace ya tattare riga, kada ɗanyen fentin da kananzir ya jiƙa ya taɓa shi.

Ta kira yayanta a waya, wanda shi ne uba gare ta tun rasuwar mahaifinsu. Ya saurara har ta gama, ya yi dogon numfashi.

"Ki yi haƙuri. Mace tufar mijinta ce. In kika tona shi, kanki kika tona."

"Yaya, ai ni an riga an tona ni."

"To kada a zama biyu. Gida ɗaya, mutum ɗaya ya isa." Da ta kawo maganar rance, sai ya ce layin ba kyau, zai kira ta. Har yau yana kira.

Sai aka zo kan ruwa. Kwamiti ya kawo mai gyaran famfo ya ɗaure bututun da ke hawa gidan Malama. Aka sanar a gurup cewa kwamiti ba azzalumi ba ne, ba zai hana kowa ruwa ba, masu bashi za su iya ɗiba a famfon farfajiya, kusa da inda ake ajiye motoci. Amma da safe kaɗai za a buɗe shi, daidai lokacin da kowa ke fitowa zuwa aiki.

Haka Malama ta koma ɗaukar bokiti. Ta tsaya a famfo da zanen aikin gida, maza suna wucewa da jakunkunansu suna kau da kai irin na wanda ya riga ya ƙare kallo. Ta cika, ta hau hawa huɗu, ta juye a baho, ta sauko. Kwangila ba ya ɗauka, ya ce in aka ga namiji kamarsa da bokiti me za a ce. Amma wanka da bokiti biyu yake yi, ya fito yana ƙorafin ba a ɗuma ruwan sosai ba.

Baba maigadi ya taɓa karɓar mata bokiti ɗaya ya kai hawa na biyu. Ciyaman ya hango shi daga ofis, ya kira shi ya tambaye shi ko ya gaji da aikin ne. Daga ranar, in Malama ta zo famfo, sai tsohon ya juya kujerarsa ya kalli titi.

Ta fara makara a makaranta, aka fara ja mata jan layi a rajistar zuwa aiki. Bayanta ya riƙe, in ta sunkuya duba littafin yaro sai ta dafa benci kafin ta miƙe. Mai kemis ya auna ta ya ce jininta ya hau, ta rage tunani. Ta biya shi kuɗin shawarar ta fito. Zobenta ya fara yi mata yawa a yatsa.

Wata safiya ƙafarta ta zame a tsakanin hawa na uku da na biyu. Ta zauna daɓas a kan ƙugu, bokitin ya gangara yana ƙara, ruwan ya bi matattakala ya shiga ƙarƙashin ƙofar mutane. Ta kasa tashi. Wata ƙofa ta buɗe, wata mata ta leƙo, ta dubi ruwan, ta dubi Malama.

"Don Allah a goge mana, kada yaranmu su zame."

Ƙofar ta rufe.

Ƙarshen wata aka kira babban taro a farfajiya. Aka jera kujerun roba, aka yi hayar lasifika, ko da yake wurin in ka yi tari na ƙarshe zai ji. Waɗanda suka biya suka zauna. Masu bashi aka ce su tsaya a gaba, kowa ya ba jama'a haƙuri ya faɗi ranar da zai biya. Su uku ne suka rage: Malama, da wata bazawara mai yara ƙanana, da wani tsoho mai gyaran agogo da idonsa ya fara mutuwa. Kwangila yana layi na biyu kusa da Injiniya, kayansa a goge, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce a yafe masa, yanzu mutane a waya suke duba lokaci. Aka yi dariya. Bazawarar ta yi magana ba a ji ba, Ciyaman ya kai mata lasifika bakinta ya ce ta maimaita.

Kafin a zo kan Malama, Kwangila ya ɗaga hannu ya miƙe. Ya gaishe da Ciyaman da muƙaminsa, ya gaishe da kwamiti ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a, kunya ta hana ni barci. Abin da ya faru a gidana ya faru, ba zan tona asirin iyalina ba. Amma ina so ku sani, ni ina bayan kwamiti ɗari bisa ɗari. Gaskiya ba ta da ƙane, ba ta da mata. Ko a ɗakina aka samu mai laifi, a yi masa abin da ake yi wa kowa."

Tafi ya tashi. Injiniya ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu.

Malama ta matso gaba. Ba ta karɓi lasifikar ba. Muryar aji ta yi amfani da ita, wadda ke kai wa bencin ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Ga shi nan a gabanku. Ya faɗi wata ɗaya, rana ɗaya, da ya ɗora kuɗin nan a hannuna. In ya faɗa ya rantse, ni kuma na yarda na ci."

Kwangila ya girgiza kai a hankali, ya yi murmushin wanda aka zalunta, ya buɗe tafin hannu biyu ga jama'a. "Kun dai gani."

Ciyaman ya buga tebur. "Malama, rigimar ɗaki a bar ta a ɗaki. Nan ba kotu ba ce. Yaushe za ki biya?"

Daga gefe aka ji Sakatariya tana ce wa ta kusa da ita, da ƙarfin da kowa zai ji, "Macen da za ta tsaya gaban jama'a ta ƙaryata mijinta, ai ba sai an tambayi wa ya ci kuɗin ba."

Kuma duk wanda ke zaune a kujerun nan ya san gaskiya. Sun san wadda ke fita da sassafe da jakar littattafai, sun san wanda ke yini yana wanke motar da ba ta tashi. Amma in suka gaskata ta, dole su tunkari namiji mai faɗin murya wanda suke gaisawa da shi kullum. Sai suka bar jaki suka ci gaba da dukan taiki.

Malama ta je banki ta ci bashi a kan albashinta, da ruwan da zai daɗe yana cin rabin abin da take samu. Ta kai wa Ciyaman kuɗin a ofishinsa na baranda. Ya ƙirga, ya hura hatiminsa, ya danna a rasit da dukan ƙarfinsa.

"Kin gani? Da ma akwai kuɗin. Taɓa ku kawai ake yi su fito."

Aka kwance bututu. Aka ce fentin ƙofa ita za ta sake da kuɗinta, kuma ya zama kalar sauran ƙofofi. Ba wanda ya ce mata sannu. Gaisuwa ta dawo kamar ba a yi komai ba, matar Injiniya ta aiko aron dutsen guga, Sakatariya ta tare ta a get tana cewa, "Barka da fita, ƙanwata. Kin ga yanzu ai kin huta."

A taron da ya biyo baya aka sanar cewa ma'ajin kwamiti ya tashi daga benen, ana neman wanda zai riƙe kuɗin jama'a. Injiniya ya miƙe ya ce shi bai ga wanda ya dace ba sai mutumin da bai goyi bayan ko matarsa ba a kan gaskiya. Hannuwa suka tashi kamar an shuka su. Kwangila ya yi ta noƙewa yana cewa nauyin ya yi masa yawa, har sai da aka roƙe shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kwangila ya hawo da yamma da akwatin ƙarfe na kuɗin kwamiti a hammata, yana fito. Ya ajiye shi a kan teburin da yara suke darasi a da.

"Kin ga amfanin haƙuri ko? Da kin biye wa zuciya, da duk wannan bai samu ba."

Malama ta dube shi, ta dubi akwatin, ta ci gaba da ninke kayan Nana. Ta riga ta samu ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida a bayan makaranta, wajen wata tsohuwa mai kiwon kaji. Ta riga ta gaya wa dillali ya cire sunanta, kada a sake taɓa albashinta.

Ranar da ƙaramar motar ɗaukar kaya ta tsaya a get, mutane suka cika baranda. Kayan ba su da yawa: katifa, keken ɗinkin mahaifiyarta, tukwane, kwalayen littattafai. Kwangila ya biyo ta matattakala, yana magana ƙasa-ƙasa, yana yi wa na baranda murmushi.

"Ke, ki dawo hankalinki. Yanzu fa ni ma'aji ne. Me mutane za su ce?"

"Ka gaya musu abin da ka ga dama," in ji Malama. "Ai ka iya."

Ta kama hannun Nana suka shiga gaban mota. Yarinyar ba ta waiwaya ba.

Ya kuwa gaya musu. Kafin la'asar benen ya san cewa ta kwashe masa dukiya ta gudu, shi kuma don yarinya ya ƙyale ta. Mata suka yi ta aiko masa da abinci.

Malama tana nan tana biyan banki. Bayanta bai sake daidai ba, asusun malamai kuma bai dawo hannunta ba, don abin da aka ce zai lafa ba a taɓa sanar da ya lafa ba. Ciyaman kuwa har benen da ke maƙwabtaka da su ya gayyace shi ya koya musu dabara, ya tafi da hatiminsa a aljihu. Bazawarar ta kwashe 'ya'yanta ta bar gidan. Tsoho mai gyaran agogo shi ke laluben matattakala da bokiti yanzu, sabon ma'aji ne da kansa ya raka mai gyaran famfo ƙofarsa, yana cewa doka ba ta san tsufa ba.

Gidan hawa na huɗu bai sake hawa allo ba. Daga ina ma'aji yake biyan haya, daga ina motarsa ta samu sabon inji, ba wanda ya tambaya, don tambaya irin wannan rashin kunya ce, su kuwa mutanen benen nan masu kunya ne. Man janareto dai har yau yankewa yake yi tun wata bai raba ba. In ya yanke, kwamiti yakan zauna a baranda ya bi ƙofofin benen ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda mai ita ba ya iya ɗaga murya.